Rufin Opal

Amarillo, 6 ga Yuni, 1994

Kawu Virgil,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Na rubuto ne don na san ko na buga waya ba ji za ka yi ba, ƙarar inji ta gama da kunnuwanka.

Jikin Baba ya ƙi. Likita ya ce huhun ya gaji, ba ya ganin zai kai kaka. Abu ɗaya yake roƙo: a sa shi a gaban tsohuwar tirelarsa Opal, mai sunan Mama, a kai shi Dalhart ya ga garken da ya yi shekara talatin yana kwasar shanu. Na ce mu je a motata, ya juya mini baya. Likita kuma ya ce in babu sanyi a cikin tirelar, zafin nan zai kashe shi kafin mu fita gari. Tunda tana garejinka, ka sa mata esi. An ce akwai wanda ake huda rufi a ɗora, aikin kwana biyu ne.

Ka huta lafiya.
'Yarka, Darlene

Guymon, 11 ga Yuni

Darlene 'yata,

Ina amsa gaisuwa. Labarin babanki Orval ya tayar mini da hankali, Allah ya ba shi sauƙi.

Amma wanda ya ce a huda rufin Opal, ki ce ya fara huda nasa kan. Da cikinki wata bakwai yayata ta hau tsani ta shafe rufin nan da farin fenti, don ya rage wa ubanki rana. Har yau sawun burushinta na nan. Shekara tara da rasuwarta, ban bar kowa ya taka wurin ba, balle zarto.

Zan ɓoye na'urar a ƙarƙashin kujera, ba wanda zai gane an taɓa motar. Sai dai injin 1959 ba shi da mazaunin kwamfireso, wato famfon esin, wani maƙeri a Wichita zai ƙera mini. Sati uku. Sauri ya haifi nawa. Mutumin da ya tuƙa ta da jiƙaƙƙen tawul a wuya tun daga nan har Arizona, sati uku ba zai gagare shi ba.

Ki gaida shi, ki ce na ce ya daina raki.
Kawunki

Amarillo, 9 ga Yuli

Kawu,

Ina gaisuwa, amma raina a ɓace yake. Sati huɗu ke nan.

Yanzu Baba ba ya zuwa bayi sai da tukunyar iska. Kullum da safe sai na sa masa takalmansa na aiki, ya zauna bakin taga. Babbar mota ta wuce ya ɗaga kai, ya saurara, ya ce ba ita ba ce. Jiya sai da na ɓoye a kicin na yi kuka.

Na karanta masa wasiƙarka. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sannan ya ce, "Gaya wa Virgil, matar da ta hau tsani da tsohon ciki don in sha sanyi, da wuƙar kicin za ta huda rufin nan in tana raye."

Don Allah, Kawu, ka huda. Fenti ne. Wannan kuwa ubana ne.

Darlene

Guymon, 21 ga Yuli

Darlene,

Gaisuwa da ban haƙuri. Ƙarfen farko da maƙerin ya aiko ya zo a karkace, bel ɗin injin ya riƙa zamewa, na mayar aka sake.

Ba zan ɓoye miki ba, ranar da wasiƙarki ta zo na ɗauki zarto na hau. Na auna, na zana layi da alli. Sai na ga wurin da tafin hannunta ya dafa fentin tun yana ɗanye. Na zauna a kai har rana ta ƙona mini ƙeya, na sauko. Na ji kunyar Orval, amma hannuna ya ƙi.

To, an gama. Jiya na kai ta garin Hooker na dawo da tsakar rana, sai da na sa rigar sanyi. Ko huda ɗaya babu. Asabar ta sama, 30 ga wata, da safe ina ƙofarku, ya sa hularsa.

Kawunki

Amarillo, 25 ga Yuli

Kawu Virgil,

Wasiƙarka ta zo yau. Baba ya rasu jiya Lahadi bayan an taso coci, a bakin taga, da takalmansa a ƙafa.

Asabar ɗin tana nan, ranar za a binne shi a Dalhart. Ka ɗaura wa Opal shimfiɗaɗɗen bodi, abokansa direbobi sun ce a bayanta za a ɗora akwatin.

Kai za ka tuƙa. Ka kunna sanyinka. Ni a baya zan zauna tare da shi, cikin rana.

Darlene