Maganin sauro ya shiga ruwan jatan lande

Yaya,

Da ka shigo, kafin ka cire takalmi, wuce wajen akwatin gilashin jatan landenka.

Da rana zafi ya yi yawa, ma'aunin zafin ruwan ya wuce jan layin da ka zana. Na yi yadda ka koya mini. Na ɗage murfin, na juya ƙaramar fanka tana kaɗa saman ruwan, na saka gorar ƙanƙara. Ruwan ya fara sanyi, hankalina ya kwanta, na shiga wanka.

Ina fitowa na tarar Inna ta fesa maganin sauro a falo, ta rufe tagogi. Ga murfi a buɗe, ga fanka tana tura feshin cikin ruwan. Wasu jatan landen suna ta zagaye kamar sun zautu, wasu sun kife cikin ganye.

Na kashe fankar, na buɗe tagogi, na kwashe rabin ruwan na zuba na bokitin da ya kwana. An kira ni wurin aiki, dole na tafi. Na sake cika bokitin da ruwan famfo, ka ɗiga masa maganin nan na gyara ruwan famfo kafin ka ƙara canzawa.

Don Allah kada ka ɗaga wa Inna murya. Cewa ta yi sauro yana hana ka barci.

Mai ƙwan nan da kake ta jira ta ƙyanƙyashe tana ƙarƙashin icen da ke cikin akwatin. Har na fita ban ga ta motsa ba. Na kasa taɓa ta, Yaya. Kai ka duba.

Ƙanwarka