Sifilina da Malam Tanimu

Daren Laraba, cikin Sha'aban

Tun da aka sauya mana kompaila, wadda ke fassara wa babban injin furogiram ɗinmu, ofis bai zauna lafiya ba. Yau sakamakon jarrabawa ya fito, wai wata ɗaliba ta ci ɗari bakwai cikin ɗari! Ashe tsohuwar kompailar ce ke share kowane gurbi ta sa sifili kafin a fara lissafi. Sabuwar ba ruwanta, duk tarkacen da ta tarar da shi take haɗawa.

Furogiram ɗina kaɗai ya fito daidai, don kullum da hannuna nake sa sifilina. Shekara huɗu shugabanmu Malam Tanimu yana cewa, "Binta, wannan ɓata lokaci ne irin naku na mata."

Da la'asar ya zo yana ƙasa da murya: "Ki gyara mini nawa, amma kada a ji."

Na ce, "Malam, a kawo mini a rubuce."

A hanyar gida, har na shigo Ƙofar Kuyambana ina ta tunanin maganar. Wataƙila ya hana ni ƙarin girma. To, ya hana mana! Shi da bai taɓa wanke tukunya ba, ya ɗauka ita ke wanke kanta.