Karan da Nake Auna Jarkar Ƙanena

Inna, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa. Ƙanena masunci ne a Bosso. A harin da 'yan bindiga suka kai garin a 2016 aka kashe matarsa, ya gudo Diffa, na ba shi ɗaki a gidana. Bara na tsinci jarka a bayan buhunan tattasai. Giya ce, wal'iyazu billahi. Ban iya yi masa magana ba, ni da na goya shi. Sai na samo karan gero, yadda nake auna man gyaɗa a da. Kullum in ya fita, na tsoma, na yi alama da wuƙa, na san nawa ya sha. Bayan nan sai in yi ta wanke hannu, ina kokwanton sallata.

Watan jiya giyar ta daina raguwa. Kwana tara tana kan alama ɗaya. Na yi kuka, har waina na toya na yi sadaka. A rana ta goma na tarar da karana ba inda na ɓoye shi ba, kuma a jiƙe. Ashe ya gano, yana sha yana cikawa daidai alamata don hankalina ya kwanta. Inna, leƙen asiri na yi? In zubar ne, ko in yi shiru?

Wata yaya, Diffa

'Yar'uwa, Allah ya ba ki lada. In kin wanke hannu, sallarki tana nan, ki bar waswasi. Binciken ɓoye kuwa ya isa haka. Tsoro ne ya sa ki, na sani, amma yanzu kowa yaudarar ɗan'uwansa yake yi.

Shi ma a duba masa. Abin da yake yi haramun ne, yana kuma cin lafiyarsa. Sai dai mutumin da ke wahalar cika jarka saboda ke bai daina jin kunyarki ba. Da wannan za ki kama shi.

Kada ki zubar a ɓoye. Wanda ya saba sha kullum, in aka yanke masa lokaci guda yana iya kwanciya ciwo, sai da likita. Kada kuma ki tara masa dangi. Ki kai masa abinci da kanki, ki zauna, ki ajiye karan a gabansa. Ki fara da ambaton marigayiya, don ina jin tun zuwansa ba wanda ya kira sunanta.

Allah ya jiƙanta, ya shirye shi, ke kuma ya buɗe miki baki.

Inna