Mai Gurmi Ya Kira Sunan Baba

Yaya Usmanu,

Assalamu alaikum. Ya jikinka, ya zafin Jidda? Ya Hajara da yara? Mu nan Mai Wurno sai godiya.

Ka tuna tsohon mai gurmin nan na Dindir, mai yi wa manoma waƙa? Ranar Juma'a bayan la'asar ya yi haflar kiɗa da waƙa, ta farko tun dawowarmu daga gudun hijira. An karya kuɗin tazkarar shiga rabi don mutane su fito. Na saya, na ce ko zuciya za ta yi sanyi. Wallahi tabarmi sun fi mutane yawa.

Ka san al'adar: duk wanda mai gurmin ya wasa sai ya miƙe ya ɗaga hannu. Ashe ba wanda ya gaya wa tsohon nan su wa muka binne. Ya kira Malam Isa, shiru. Ya kira Ɗanjuma, shiru. Sai ya kira Baba har sau uku, yana leƙen jama'a yana murmushi.

Yaya, ni na miƙe. Ya dube ni, ya ajiye gurmin.

Ban gaya wa Inna ba, kai ma kada ka gaya mata. Ka gai da Kawu. In ka shiga Harami ka sa Baba a addu'a, da mu da muka rage.

Ƙaninka,
Bello