Ramuka Tara a Gonar Baba

Zuwa ga ƙanena Idrisa a Salaga,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Sa'a da yara. Mu nan Matameye sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma yi wa kowa faɗa.

To gyara zama ka ji. Bayan kaka, wani Nasara, laftanan na soja daga Damagaram, ya ga gonar Baba ta hanyar Kurni ta yi masa. Ya sa aka tumɓuke karare, aka haƙa ramuka tara aka daɓe kewayensu, aka kafa tutoci da rumfa da kujeru don baƙinsa. Wai wasa ne ya koyo a Kano: ƙato da gemunsa yana bin ɗan farin ƙwallo da sanda har ya jefa shi rami. Da damina ta matso hankalina ya tashi, don ka san ba mu da wata gonar.

Na je na durƙusa gabansa, na roƙe shi ya bar mana gonar. Ya yi dariya, ya ce ta bakin tafinta in na zagaye ramukan da bugun da bai kai nasa yawa ba, in ɗauki abata. Bugun farko ƙasa na kwasa, na biyu saura kaɗan in zubar wa tafinta haƙora. Amma Idrisa, shi wata biyar ya san wurin, ni shekara arba'in ina kallon inda ruwan sama ke bi. Daga rami na huɗu na fara cim masa, muka iso na tara kunnen doki. Ya miƙe wa ramin, ƙwallonsa ya zame gefe. Ni kuwa na ba ramin kafaɗa, na buga wajen bishiyar gawon nan da ke kan tudu. Baƙinsa suka kwashe da dariya. Ƙwallo ya hau tudu, ya karkato, ya bi hanyar ruwa a hankali, ya faɗa ciki. Wallahi na yi kuka, ban ɓoye ba.

Ya cika alkawari, ya kwashe tutocinsa. Ranar Laraba aka yi ruwa, Alhamis muka yi shuka.

Inna da Fadima da Jamilatu suna gaishe ku. Ka yi ƙoƙari ka zo da kaka, ka ci tuwon gonar ubanka.

Ni ne wanka,
Munkaila