Wata shida ina amsa sunan ƙanwar mijina

Assalamu alaikum Anti mai wannan shafi, ya gida, ya yara, ya ƙoƙari. Ina gaida duk masu karatu, manya da ƙanana. Don Allah ki ɓoye sunana da lambata. 'Yan'uwa kuma ina roƙonku, kafin kowa ya zage ni ya daure ya karanta har ƙarshe, don zagin da za ku yi min na riga na yi wa kaina shi. Ku yi haƙuri da rubutuna, a aji biyu na ƙaramar sakandare na tsaya. Sunayen da zan ambata ma duk na canza su.

Ni 'yar Lajawa ce, aure ya kawo ni cikin garin Wudil. Ina da 'ya ɗaya, Ilham, ba ta cika shekara biyu ba. Gida ɗaya muke da mahaifiyar mijina da muke kira Hajiya, da ƙanwarsa, bari in ce da ita Rukayya. Bara aka buɗe wani horo na koyon gyaran waya, mata zalla, wata shida, amma sai mai takardar gama sakandare. Rukayya ta cike fom aka ɗauke ta. Da ta ji ba kwamfuta za a koya ba, sai ta ce ita ba za ta zauna tana shaƙar hayaƙin dalma kamar 'yan bakin tasha ba, jami'a take jira. To akwai ɗan kuɗin mota da ake ba ɗalibai, shi ne mijina, Abban Ilham, ya ce kar a yi asarar gurbin, in riƙa zuwa ina amsa sunanta tunda ba wanda ya san fuskarta a can. Hajiya ta ce ai duk gida ɗaya ne. Ban yi musu ba. In faɗa muku gaskiya ma murna na yi, ko ba komai zan fita in ga gari.

Malamarmu Madam Rifkatu, Kirista ce 'yar Gombe, mijinta yana aiki a jami'a. Ranar farko sai da ta kira sunan Rukayya sau uku kafin na tuna ni ake nufi. Ta tambaye mu mata nawa muka sani da wayarsu ta lalace suka gwammace su jefa ta a akwati da su kai wa namiji ya ga hotunansu ba lulluɓi. Duk muka yi dariya, don kowa ta san irinsu, wasu ma mu ne. Ta ce to kasuwarku ke nan. Sannan ta koya mana doka ta farko, ta sa muna maimaitawa kamar 'yan firamare: in kin buɗe waya, ki cire batir kafin ki taɓa komai.

Ni da na zo ɗumama wa wata kujera, sai ga shi abin ya shiga raina. Tun ina yarinya nake ɗinkin hula, hannuna ba ya rawa, idona yana ganin ƙananan abubuwa. Turancin ne ba na iyawa, sai in zana kowane abu a littafina da alamar da ni kaɗai na gane. Wata rana Madam ta leƙa littafin ta tambaye ni wace makaranta na gama. Na faɗi sunan ta Rukayya. Ta girgiza kai kawai ta ce Allah ya gyara makarantunmu. Daga ranar in an tashi sai ta riƙe ni ta karanta min Turancin a hankali, in Ilham ta dame ni ta karɓe ta ta goya da zaninta don in samu in liƙa bakin caji. Wace irin mace ce za ta yi wa wadda ta goya mata 'ya ƙarya kullum har wata shida? Ni ce. Kullum in ce gobe zan faɗa mata, gobe ta zo in tuna za a kore ni, in yi shiru.

Muka gama, ni na zo ta ɗaya. Aka ba ni jakar kayan aiki da takardar shaida, sunan Rukayya ɓaro-ɓaro a jiki. Hajiya ta sa aka yi mata gilashi aka rataye a falo. Na riƙa gyara wa matan unguwa wayoyinsu a tsakar gida, ban damu da takardar ba, na ɗauka hannu shi ne aiki.

Sati biyu da suka wuce Madam ta kira ni. Wata hajiya za ta buɗe shagon gyaran waya na ɗalibai mata kusa da ƙofar jami'a, tana neman mace ɗaya mai amana, Madam ta rubuta mata wasiƙa da sunan Rukayya, wato ni. Za a fara ranar Litinin ɗin nan. Na shiga ɗakin Hajiya da murnata ina ba da labari, ban ko lura Rukayya tana kwance tana saurara ba. Bana ma jami'ar ba ta ɗauke ta ba. Ta tashi zaune ta ce, "Anti, wasiƙar nan sunan wa ke jiki?"

Da yamma Abban Ilham ya yanke magana. Ya ce mai shago za ta nemi katin shaida, katin kuma na Rukayya ne, ga ni da goyo, ga girki, don haka Rukayya ce za ta je aikin, in koya mata abin da ya sawwaƙa kafin Litinin. Na ce masa wata shida na yi ina koyo. Ya ce, "Ke wa zai ɗauke ki aiki da aji biyu? Ai arzikinta kika ci." Me zan ce? Ƙarya ya yi?

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Rana ta uku da fara koya mata, Hajiya ta ba da wayarta da gilashin ya tsage ta ce 'yarta ta gwada hannu a kai. Muka zauna a tabarma da hantsi. Rukayya tana buɗewa tana hira, tana ce min in ta fara aiki za ta saya wa Ilham takalmi, tana tambayata ko kayan aikin nan ba su da wata kala sai baƙi. Na gan ta ta ɗauki tsinken ƙarfe za ta zura, batir yana haɗe. Dokar nan da muka yi ta rerawa tana kan harshena. Wallahi ba mantawa na yi ba. Na kalli hannunta da sabon lallenta, na kalli jakata da ta baje kamar tata, na ce a raina bari su gani. Sai ɗan ƙara, sai ɗan hayaƙi, sai ƙauri. Wayar ba ta sake kawowa ba.

Abin da ban lissafa ba, a wayar nan hotunan aikin Hajjin Hajiya suke, da saƙonnin muryar mijinta marigayi Alhaji da take kunnawa in kewarsa ta taso mata. Ba ta yi faɗa ba. Ta karɓi wayar tana shafa ta da gefen mayafinta, ta shige ɗaki, abincin rana ma ba ta ci ba. Rukayya ta ce dama wayar ta tsufa. Kowa ya yarda, ba wanda ya kalle ni. Washegari tsohuwar nan ta kira ni ta danƙa min wayar ta ce, "Maman Ilham, ke ce mai hannun, ki duba min ko muryarsa kaɗai za ta fito." Na karɓa da hannu biyu, na kasa haɗa ido da ita.

Kun san me ƙonewar wayar ta jawo min? Na ɗauka za su ce to ba ta iya ba, a bar wa mai iyawa. Sai Abban Ilham ya kawo sabuwar dabara: Rukayya ta zauna a shago tana karɓar wayoyi tana sayar da caja, duk wadda ta gagare ta ta ce a dawo gobe, ta kawo min gida in gyara. Ya ce kowa ya huta, ba sai na fita ba. Hajiya ta sa albarka. Wato ita a shago da fanka da suna, ni a bayan murhu da dalma, har yaushe? Har Ilham ta girma ta riƙa cewa gwaggonta ce injiniya? Kuma ɗaliban nan da za su ba da wayoyinsu don sun yarda wayoyin ba za su bar shagon ba, a jakar wa za su riƙa yawo?

Na buɗe wayar Hajiya na duba. Ina ganin inda ta ƙone, kuma ina kyautata zaton za ta tashi, amma sai da na'urar da ke wurin Madam. In na kai mata, kallo ɗaya za ta yi ta san an taɓa ta da batir a haɗe, kuma ta san ni ba zan yi haka ba. Za ta tambaye ni wa ya yi. In ce wa? In ce Rukayya? Jiya ma Madam ta kira ni tana tsokanata wai in na zama babbar mai shago kar in manta da ita, sannan ta ce, "Rukayya, sunana na sa a wasiƙar nan. Kar ki ba ni kunya."

In na faɗi gaskiya, ƙila a soke takardar, aikin ya kuɓuce mana mu duka, Madam ta ji kunya a gaban matar da ta yarda da ita, ni kuma ban san ko zan ci gaba da zama a gidan nan ba. In na yi shiru, Hajiya ta rasa muryar mijinta saboda baƙin cikina, ni kuma in ƙare rayuwata ina aiki da sunan wata. Na rubuta wa Madam saƙo, layi ɗaya ne, na ce sunana ba Rukayya ba ne. Yau kwana biyu yana nan ban tura ba. Wayar Hajiya tana cikin jakata a naɗe da hular da ban gama ɗinkawa ba, duk wucewar da zan yi ta ƙofarta sai ta ɗago kai ta dube ni. Yau Asabar, jibi Litinin.

'Yan'uwa, don girman Allah, me zan yi?