Ɗakin da Sauro Ba Ya Shiga

Maiyama, Litinin da hantsi.

Zuwa ga sanyin idona, inuwar tsamiyata a tsakar bazara, ruwan randata bayan doguwar tafiya, mijina kuma abokin gardamata na shekara ashirin da uku, ɗalibi mai furfura, Baban Salima.

"Ki faɗa sau ɗaya tak. Duk inda na sauka a Aliero, in kika duba kika ce bai kwanta miki ba, ko dalili ba ni tambaya, sai in naɗe tabarmata." Ka gane maganar nan? Taka ce. A tashar Maiyama ka yi ta ran da za ka tafi fara karatu, ƙafarka ɗaya cikin mota, hannunka riƙe da ƙullin dambun naman da na yi maka. Sau ɗaya ka ce. Na faɗa ranar Asabar a ƙofar ɗakinka. Na faɗa jiya ta waya, ka tuntsire da dariya har na ji 'yan makarantar suna taya ka, sannan ka ce layi ba kyau. Wannan ta uku ce, kuma na sa ta a takarda saboda takarda ba a kashe ta a saka aljihu.

Kada ka kuskura ka ce baƙin ciki nake da karatunka. Wa ta cike maka fom? Wa ta dube ka, bayan ka share shekara ashirin da biyar kana koyar da 'yan firamare, ta ce tunda Allah ya kawo jami'a har ƙofar gida, tashi ka je ka karanta aikin gonar da kake mafarki? Ran da sunanka ya fito, na yi guɗa har maƙwabta suka zaci aure za mu yi. Kai ne hadarin farko da ƙasa ke ɗaga kai tana jira, kai ne ƙanshin da ke tashi in ya sauka. Ina alfahari da kai in na tuna ka da jakar littafi, yau lacca a Aliero, gobe gonar gwaji a Jega, kana rububin mota da sa'o'in 'ya'yanka. Da ka ce ɗakin kwanan ɗalibai mutum takwas ne kuma gwiwarka ba ta hawa gadon sama, na ba ka gaskiya. Da ka kama ɗaki cikin gari, a gidan Alhaji Kalilu mai albasa, na ce Allah ya sa albarka. Lokacin ban ga ɗakin ba.

Yanzu na gan shi.

Wannan ba ɗaki ba ne, masoyina, ma'ajin albasa ne aka raba biyu da ɗalibai suka cika gari. Bangon da aka gitta bai kai kwano ba. Tsakaninsa da rufi akwai filin da akuya za ta tsallaka. Ramukan da aka bari don iska ta riƙa ratsa albasa kuwa, da hannunka ka toshe su da tsumma saboda sanyi ya fara shigowa. Ka tarbe ni da fara'a kamar angon da ke nuna sabon gida, kana kirana da sunan da ka laƙa mini saboda aikin asibiti. "Likita, duba ki gani! Duk gidan ga ni kaɗai ka kwana ba gidan sauro. Ba sauro, ba kyankyaso, ɓera ko ɗaya!" Ka ce shi ya sa yaran suka mai da ɗakinka majalisa. Nan ake dafa shayi, nan ake buga karta, nan ake musun ƙwallo da na wace ce ta fi kyau a ajin 'yan shekarar farko, kai kana tsakiya suna ce maka Baban Aji, kana raba gardama kamar alƙali. Na ga yadda fuskarka ke haske in sun kira ka haka. Wallahi na ji daɗi, na ga saurayin da na aura ya dawo.

Amma kai da ke karatun ƙwari da maganinsu, ba ka taɓa tambayar kanka ba? Gida guda, kwata guda, sauro na cin kowa, me ya sa ya yi maka alfarma? Sanin girmanka ya yi? Da ka fita sayo mini lemo na ja akwatinka. Tsaka biyu na bayansa, matattu, ba wanda ya taka su. Kiyashi sun yi layi sun mutu a kan layinsu. Na taka kujerarka na leƙa ta saman bango: buhun wake goma a jere, an ɗaure bakinsu, ga gwangwani a yashe mai hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa. Ƙwayar nan ce da manoma ke kira bom, wadda ake ƙullewa a tsumma a cusa cikin buhu, ta narke ta zama iska ta kashe duk mai numfashi a ciki. Ban san yadda na sauko daga kujerar ba.

Ka ce da akwai guba da ka ji wari. Haba, hasken raina! A Aliero? Iskar nan warin tafarnuwa gare ta, shi ne kaɗai gargaɗin da take yi. A garin da riga ke warin albasa, burodi ke warin albasa, takardar jarrabawarka ma in ka kawo ta gida sai na shanya ta, wane hanci ne zai ware wannan daga wancan? Bangon ɗakin kansa ya sha albasa shekara da shekaru. Da a Maiyama ne da tuni ka toshe hanci ka fita. Can kuwa kana shaƙa kana cewa ƙanshin arziƙin gari ne.

Sati biyu ke nan kana tashi da ciwon kai. Ka yi amai sau biyu, ƙirji yana cushe maka kamar an ɗora dutse. Da bakinka ka faɗa mini cewa ran da kuka yini a gonar Jega garau kake, in ka kwana biyu a Aliero sai abin ya dawo. Ka ce lissafi ne ke wahalar da tsohuwar ƙwaƙwalwa, kana ta haɗiyar farasitamol kamar gyaɗa. Sati biyu ke nan kuma da aka sa wa waken magani. Kai ne mai karatun lissafin, haɗa ka gani.

Akwai abin da ban taɓa ba ka labarinsa filla-filla ba, don ba na son kawo aikin asibiti kan tabarmar cin abinci. Bana shekara uku, aka zo aka ɗauke ni a babur zuwa ƙauyen Karaye na nan kusa da mu da sassafe. Uwa ce da 'ya'yanta uku a ɗaki guda, buhunan wake shida a gefen gado. Babu jini, babu rauni, babu abin da ya fashe. Ƙaramar tana riƙe da gefen zanen uwar. Kazar da ke kwanci a ƙarƙashin gado ita ma tana nan kan ƙwanta, ta sandare. Uban ya tsira don ya kwana a gona, yana tsaye a ƙofa yana ce mini, "Malama, barci su kai, ki tashe su." Shekara ashirin ina aikin ungozoma, na ga mutuwa iri-iri, amma ban taɓa ganin wadda ta shigo da ladabi irin wannan ba. Tun Asabar, da na runtse ido sai in ga ɗakin nan na Karaye, sai dai hularka ce rataye a ƙusa. Ko ina awon mai ciki ne, waya ta yi ƙara sai in tsaya ina kallon ta, ina tsoron in ɗauka in ji muryar da ba taka ba tana cewa in yi haƙuri.

Na yi wa Alhaji Kalilu magana kafin in baro. Ba mugu ba ne, bai sani ba ne, kuma ba ya son mace ta sanar da shi. "Hajiya, shekara goma sha biyu ina sa bom ga wakena, ko kaza ba ta taɓa mutuwa ba." Gaskiya ya faɗa, domin shekara goma sha biyun nan albasa ce ke kwana a wurin, ba mijina ba. Matarsa, Gwaggo Amariya, ita ta rako ni zaure ta riƙe mini hannu. "Ɗiyata, wanga kaɗan na. Laraba mota ka zuwa da buhu arba'in bayan la'asar, ran nan za a sa musu magani a ja ƙofa." Buhu goma sun sa ka amai. Arba'in fa? Na aika wa dubagari da takarda, amma ban san ran da zai motsa ba, kuma ba shi ya aure ka ba.

Ka tuna shekarar da aka ba mu jiha, da gulbi ya cika muka tsallaka a kwalekwale wajen Kimba za mu gaida innarka? Ina da cikin fari, ruwa ya yi ja yana juya itatuwa, na ƙanƙame gefen jirgi ina salati. Ka matso ka zauna gabana ka ce, "Kada ki dubi ruwa, dubi kunnena. Kin taɓa ganin kunne mai girman wanga?" Na yi dariya da hawaye, ban ankara ba sai ga mu a gaɓa. Ran nan na san na auri mutumin da ba ya raina tsoron mace. Ina mutumin nan ya tafi? Wane ne wannan da nake gaya masa ina jin tsoro, yake ɗaga waya sama don yara su ji su yi shewa?

Ya kurciyar da ke kuka a kan katangar zuciyata, ya gawon da ke ba da inuwa lokacin da sauran itatuwa suka zubar da ganye, me zan yi da digiri in babu kai? A bango zan rataye shi in riƙa yi masa sannu da zuwa? Wa zai riƙa gyara mini karatun jarida yana kuskure, in gyara masa gyaran? Wa zai ce miyata ta yi gishiri ya kuma nemi ƙari? Na haƙura da rabin gado babu kowa wata bakwai, ina ƙirga Juma'o'in da za ka zo kamar yarinyar da aka sa wa rana, saboda na san akwai dawowa. Kada ka mai da mini jiran nan wanda ba shi da ƙarshe. Ba zan iya ba. Na rantse ba zan iya ba.

Yayana Aliyu ya share maka ɗakin zaure a unguwar Jega Magaji tun jiya, kusa da gonarku, kuma motar Aliero ba ta yankewa. Na san abin da ke cin ka: kunyar zama gidan suruki, da kewar majalisa, kada a ce Baban Aji ya gudu saboda matarsa ta ga matacciyar tsaka. To a ce! Ka gaya musu masifaffiya ka aura, ba ƙarya ka yi ba. Kuma ka kwashe su su ma, don iyayensu karatu suka turo su, kai ne babba a cikinsu, kuma saboda kai suke yini a ɗakin. In gidan Yaya ya yi maka nauyi, kwana a barandar masallaci, kwana a gadon saman da gwiwarka ta ƙi, kwana a gindin bishiya sauro ya yi biki da kai. Zazzaɓi na san maganinsa. Wannan ba shi da magani, ko a Birnin Kebbi, ko a Sakkwato.

Sahabi. Ka ga na rubuta shi. Shekara ashirin da uku bakina bai taɓa furta sunan nan ba, yau tsoro ya sa hannuna ya yi rashin kunya. Sahabi, ka fita daga ɗakin nan.

Da yau zan zo, amma Rita, abokiyar aikina, tana kwas sai Laraba da safe, ga mata biyu naƙuda na iya kama su kowane lokaci, ba wanda zan bar wa su. Direban motar Aliero zai damƙa maka takardar nan kafin la'asar. Daren yau da na gobe, ka yi wa Allah ka kwana a waje. Kayanka kuwa na ba ka zuwa azahar ta Laraba. Ba kai za ka bugo mini ba, na daina yarda da muryarka; Yaya ne zai bugo ya ce akwatinka da katifarka sun shiga gidansa.

In aka sallame azahar ban ji shi ba, zan miƙa wa Rita makulli in hau mota. Ba zan yi ihu a gaban yaranka ba, ba zan taɓa kayanka ba, ba zan sake roƙon kowa ba. Tabarmata zan shigo da ita in shimfiɗa a gindin bangon nan, daidai inda iskar ke saukowa, in zauna ina kallo a sauke buhu arba'in, a sa musu magani, a ja ƙofa. Inda mijina ke kwana nan zan kwana, ba mai hana ni. Ka san ƙirjina, hayaƙin murhu ma yana kai ni ƙasa, don haka ni za ta fara ɗauka, kana kallo. Sai ka zaɓa: ko ka kama hannuna mu fita da ƙafafunmu, ko ka kwanta kusa da ni ka gaya mini yadda ɗakin yake da daɗi.

Taka ce ni, a cikin fushi da a cikin tsoro, ban taɓa zama ta wani ba kuma ba zan zama ba, muddin akwai numfashi a ƙirjin ɗayanmu.

Tasalla.